Tayar 'yan tsere ba ta titin Zariya ba ce

Ranar Asabar ƙanina ya turo mini hoto daga Kano. Tayar baya ce ta babban mashin, faffaɗa, sumul babu zane ko ɗaya, robar gefenta ta narke ta yi gudaji-gudaji kamar ƙanzon tukunya. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, ka ga abin da na samo. Ta 'yan tsere ce, daga Turai aka kwance ta." Har ya biya, saura mai faci ya ɗaura masa.

Na ce ya juya ta ya ɗauko mini rubutun da ke gefenta. Bayan haruffan DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Tasa 1417 ce, wato sati na 14 na shekarar 2017. Gabana ya faɗi, domin na san yadda yaron nan ke murɗa totur in ya samu titi babu kowa bayan sallar asuba.

Karatu ne ya kawo ni Malesiya, aiki ya riƙe ni. A nan na fara shiga filin tsere na Sepang a ranakun da ake buɗe shi ga masu sha'awa, ka biya kuɗi, ka sa hular kwano da rigar fata, ka zagaya. Tsawonsa kilomita 5.5 da 'yan kai, kwana 15, kuma tun 1999 ake gasar manyan babura ta duniya a cikinsa. Zuwana na farko da tunanin gida na je: in dai za a saya, a sayi mafi tsada. Na ce wa wani dattijon makanike ya ɗaura mini taya maras zane irin ta 'yan gasa. Ya tambaye ni minti nawa nake zagaye filin. Na ce yau ne farko. Sai ya dafa tayar titin da ke jikin mashin ɗina, ya ce in tafi da ita, ita ce daidai da ni. Da na dawo daga zagayen farko ya kama hannuna ya ɗora a kanta. Ɗumi ne kawai, irin na kofin shayin da ya fara hucewa. Ya ce gudun da nake yi bai kai ya gasa tayar tsere ba, kuma tayar tseren da ba ta gasu ba ta fi ta titi santsi.

Wannan shi ne abin da ba mu gane ba a Kano. Robar tayar tsere an haɗa ta ne don ta yi aiki da zafi. Shi ya sa kafin a fita ake naɗe ta da bargon lantarki har ta kai wajen digiri 80, daga nan kuma direban ne zai riƙe mata zafin da birki mai ƙarfi da kwanciya a kwana. In ta kai zafinta tana kama kwalta kamar danƙo. In ta huce sai ta sandare. To, wanda ya taso daga Gwammaja zai shiga Sabon Gari, nan danja, nan cunkoson A Daidaita Sahu, nan mai baro ya tare hanya, ina tayarsa za ta samu wannan zafin?

Ƙanina ya ce mini, "Yaya, ai Kano ma zafi gare ta." Gaskiya ne, a watan Afrilu rana takan kai digiri 40. Amma ba rana kaɗai ke gasa taya ba, murzawa da lanƙwasawar da take sha a ƙarƙashin gudu su ne ke yin aikin. Kuma ko da ta gasu, kwaltar Sepang a share take, babu rairayi a bakin kwana, babu baƙin man da wata tsohuwar tifa ta tsiyayar, babu ƙurar hunturu. In ruwa ya sauko, kuma a nan yakan sauko da yamma ba sallama, 'yan gasa tayar ruwa mai zurfin zane suke ɗaurawa. Zanen nan da muke gani a jikin taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Ka tuna ruwan Agusta a titin Zoo Road, sannan ka tuna cewa abin da ke taɓa ƙasa a tayar mashin bai wuce faɗin katin ATM ba.

Sai batun tayar hannu. Duk lokacin da tayar tsere ta gasu ta huce, robarta na ƙara tauri. Bayan 'yan zagaye na wannan gasuwa da hucewa, mai ita zai kwance ta ko da a ido tana da sauran nama. A gasar MotoGP, wato gasar manyan babura ta duniya, wadda Michelin ke ba wa taya tun 2016 kuma Pirelli zai karɓa daga 2027, tseren Sepang zagaye 20 ne, kusan kilomita 111, bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. Don irin wannan gajeriyar tafiyar ake ƙera tayar gasa. Abin da masu tsere suka gama da shi suka jefar, shi ake lodawa a kwantena, ya sha zafin teku da na shago, ya iso hannun ɗanmu yana murna.

Ba na raina yadda mutanenmu ke zaɓen taya. Mai Boxer da ke ɗauko buhun gero daga Dawanau, in ya shiga Ƙofar Ruwa tambayarsa ɗaya ce: "Tana da ƙarko?" Kuma ya yi daidai. Ya san nauyinsa, ya san hanyarsa, ya san aljihunsa. A gaskiya shi ya fi kusa da tunanin 'yan tseren nan, domin su ma abin da suke tambaya ke nan: wace kwalta, wane yanayi, wane gudu, sannan su zaɓi mai taushi ko matsakaiciya ko mai tauri. Wanda ke ba ni tsoro shi ne matashin da ya hau mashin mai cc 600 ko 1000, yana zaɓen taya da suna da faɗi, don a gani a gaban majalisa. Mashin ɗin da kamfani ya ce a sa masa taya mai lamba 180/55 a baya sai a cusa masa mai faɗin 200 a kan rim ɗin da bai kai faɗinta ba. Tayar ta matse, siffarta ta canza, mashin ya daina shiga kwana yadda aka ƙera shi.

Iska ma haka. A gida mai faci yakan danna taya da babban yatsa ya ce ta yi. A Sepang kowa da ma'auninsa a aljihu, a auna kafin fita, a auna da an dawo tana da zafi. A filin tsere ana rage iska ƙasa da ta titi, amma wanda ya kwaikwayi hakan a hanyar da ke da ramuka rim ɗinsa zai lotse. Lambar da ta dace da titi tana nan a 'yar takardar da ke manne a jikin mashin, yawancin manyan mashinan nan PSI 36 gaba, 42 baya a ma'aunin iska. Ma'aunin iska kuwa kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Abin da na gaya wa ƙanina shi ne ya nemi tayar titi ta masu gudu, irin su Diablo Rosso ta Pirelli ko Battlax ta Bridgestone, sabuwa, mai zane, girman da kamfani ya rubuta, gaba da baya iri ɗaya. Irin waɗannan suna kama ƙasa tun daga ƙofar gida, suna jure ruwa, kuma ni shaida ne sun wadatar da mai koyo har a cikin filin tsere. Ina kuma fata wata rana matasanmu su samu killataccen fili mai motar asibiti a gefe, su daina gwada ƙwanjinsu a titin da yara ke tsallakawa zuwa Islamiyya.

Bai ji daɗi ba, na ji a muryarsa. Ya ce mai shagon ba zai dawo da kuɗi ba. Na ce ya bar masa, zan cika masa na sabuwa ƙarshen wata, da sharaɗin kafin ya biya ya turo mini hoton lambobin nan huɗu. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, amma kada ka gaya wa Hajiya."