Wa ya ce jitar Rory Gallagher itace ce kawai?

Akwai wata magana da ta ƙi mutuwa tun ranar 17 ga Oktoban 2024, ranar da aka yi gwanjon jitar Rory Gallagher, shahararren makaɗin nan ɗan ƙasar Ireland, a gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan. Da zarar zancen ya taso sai ka ji wani ya ce wai mutanen Ireland sun cika ɗaukar abu da zafi. Jita ai itace ce da tsirkiya shida, mai ita ya rasu tun 1995, magada sun sayar da kayansu, wani kamfani ya saya ya miƙa wa gidan tarihi, to ihun na mene ne? Masu wannan magana suna jin su ne masu hankali, masoyan mamacin kuwa wasu dattawa ne da kewar ƙuruciya ta rufe wa ido. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin a ganina, a duk wannan lamari, masoyan nan ne kaɗai suka gane abin da aka ɗora a kan teburin gwanjo.

Kuɗin dai kowa ya ji su. An tsaya a kan fam 700,000, da aka haɗa da la'adar gidan gwanjon ya kai fam 889,400. Kamfanin shirya wasanni na Live Nation Gaiety ne ya saya, da alkawarin ba da ita ga gidan tarihi na ƙasar Ireland. Amma jitar ba da wannan farashi ta shigo hannun Rory ba. Fender Stratocaster ce ƙirar 1961, ta hannu ce ma, ya saye ta a 1963 a shagon Crowley da ke birnin Cork a kan fam 100, ana biya kaɗan-kaɗan, yana yaro ɗan shekara 15. Da ita ya yi wasa har ƙarshen rayuwarsa, sama da shekara talatin. An taɓa sace ta a Dublin, aka yi cigiya a shirin 'yan sanda na talabijin, ɓarawon ya yar da ita aka tsinto. Duk wanda ya ga hotonta ya san fentin jikinta ya ƙare, saura ɗan kaɗan, itacen ya fito fili. Gumi da gogayya ne suka cinye shi, dare bayan dare, a kan dandamali. Yau kamfanoni suna ƙera sababbin jitoci su kankare musu fenti da gangan don su yi kama da tsofaffi, har Fender ta yi irin ta Rory tana sayarwa. Tasa kuwa aiki ne ya tsufar da ita.

To wane aiki? A nan ne masu cewa itace ce kawai suke yin shiru, domin yawancinsu ba su san abin da ya faru a Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, ba, ko kuma sun sani amma ba ya cikin lissafinsu.

Rikicin Ireland ta Arewa ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. A watan Disamban 1971 bam ya kashe mutum 15 a wata mashaya da ake kira McGurk a Belfast. Shekarar 1972 ita ce mafi muni a duk tsawon rikicin, a ƙarshen watanta na farko ne sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry a rana guda. Gari ya zama na shingaye da bincike, da magariba ta yi tsakiyar birni ta zama kufai. Manyan mawaƙan Ingila da Amurka suka riƙa tsallake Belfast kamar babu ita a taswira, kuma ban ga laifinsu ba, rai ba ya da na biyu. A ranar farko ta wannan shekarar ta 1972, bayan bama-bamai sun tashi a birnin a daren jajibiri, Rory Gallagher ya hau dandamalin zauren Ulster Hall da ke Belfast ya yi wasa. Ya kuma ci gaba da dawowa shekara bayan shekara. Ko bayan watan Yulin 1975, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar makaɗan Miami Showband a kan hanya suka kashe uku daga cikinsu, abin da ya sa har makaɗan gida suka tsorata da zuwa Ireland ta Arewa, shi bai daina ba.

A yi tunanin abin da wannan ke nufi ga saurayi ɗan shekara sha bakwai a unguwar da ba ya iya ƙetare titi ya shiga ta maƙwabta. 'Yan Katolika da 'yan Furotesta ba su haɗa makaranta, ba su haɗa filin ƙwallo, da yawa ba su taɓa zama kusa da juna ba. A zauren nan kuwa suna cakuɗe, kafaɗa da kafaɗa, na tsawon sa'o'i, babu mai tambayar wani cocinsu. Rory bai taɓa yi musu wa'azin siyasa ba, bai ɗaga tutar kowa ba. Ya zo da rigarsa mai gidan dara, ya yi kiɗa har ya jiƙe sharkaf, ya yi godiya ya sauka. Mai kaɗa masa jitar bes na tsawon shekara ashirin, Gerry McAvoy, ɗan Belfast ne, kuma tun zamanin ƙungiyarsa ta farko, Taste, birnin ya karɓe shi kafin duniya ta san sunansa. Bai manta ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma mutanen Belfast sun ga wanda ya zauna a gaban akushi lokacin da babu miya. Faifansa na Irish Tour '74, wanda masoya da yawa ke ɗauka a matsayin mafi girman aikinsa, a Belfast da Dublin da Cork aka naɗe shi, kuma a fim ɗin da Tony Palmer ya ɗauka na wannan rangadi ana ganin fuskokin yaran nan. Wanda ya kalle su ya ce wai son banza ne ke sa su kuka a kan jita bayan shekara hamsin, to shi ne bai san mutane ba.

Masu karatu a Agadez ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Sun san lokacin tawayen Abzinawa na 2007 da riƙe jita ya zama abin zargi, har makaɗin jita Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, sun kuma san yadda gari ya cika a farkon 2010 da ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin birnin. Wanda ya tsaya a wannan taro ba zai yarda a ce masa abin da ke rataye a wuyan makaɗin katako ne kawai ba.

Akwai kuma masu auna mawaƙi da ma'aunin kasuwa, su ce in da Rory ya kai yadda ake zuzuta shi, me ya sa ba a jin waƙoƙinsa a rediyo kamar na Eric Clapton, makaɗin jita ɗan Ingila? Amsar gajera ce: shi ya ƙi. A tsawon rayuwarsa ya guji fitar da ƙananan faifai na waƙa guda, waɗanda da su ake shiga jerin waƙoƙin da suka yi tashe, domin ba ya son a yanke kiɗansa a daidaita shi da minti uku na rediyo. Duk da haka, a farkon shekarun 1970 masu karanta jaridar Melody Maker sun zaɓe shi gwanin jita na shekara, a gaban Clapton ɗin. Muddy Waters, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan blues na Chicago, ya yi aiki da shi a faifan da ya naɗa a Landan. A farkon 1975, bayan makaɗin jita Mick Taylor ya bar ƙungiyar Rolling Stones, sun gayyaci Rory zuwa Rotterdam ya yi kiɗa da su na 'yan kwanaki, sannan ya tattara kayansa ya wuce Japan inda jama'a suka riga suka sayi tikitin wasansa. Brian May na ƙungiyar Queen ya sha faɗa da bakinsa cewa yana matashi ya tsaya bayan wasa a kulob ɗin Marquee ya tambayi Rory sirrin amon jitarsa, Rory ya tsaya ya nuna masa irin na'urar ƙara sautin da yake amfani da ita, kuma a kan wannan May ya gina nasa amon. Wannan halin na tsayawa a amsa wa yaro tambaya bayan an gaji, shi masoyansa suka fi ba da labari, fiye da saurin yatsunsa.

Yanzu mu koma kan waɗanda suka fi ba ni haushi, masu cewa ai komai ya ƙare lafiya, kasuwa ta gyara kanta. Ƙarya ne. Sa'a aka yi. A 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd a kan kusan dala miliyan 4, wani attajirin Amurka mai tara kayan mawaƙa ya ɗauke ta. Da irinsa ɗaya ya ɗaga hannu a Bonhams a wannan rana, da jitar Rory ta ƙetare teku, kuma babu abin da kowa zai iya yi. Ban ɗora laifi a kan Dónal, ƙanin Rory, ba. Mutumin nan shi ne manajansa, shi ya riƙe kayan nan kusan shekara talatin bayan rasuwar wansa, kuma adana tarin jitoci da inshorarsu ba ƙaramin nauyi ba ne a kan iyali guda. Tambayata ga hukuma take. Ƙasar da ta buga kan sarki da hoton Rory a 2002, babban bankinta ya buga masa kuɗin tunawa a 2018, ta yaya ta zauna shekara talatin ba ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar iyalin ta ce mu yi ciniki ba? Sai da aka sanar da gwanjo, 'yar mai shagon nan na Cork da ya sayar masa da jitar ta buɗe asusun neman gudummawa a intanet, talakawa suka riƙa jefa Yuro goma, Yuro ashirin, sannan 'yan siyasa suka farka suna maganar gadon ƙasa. Kuɗin da masoyan suka tara bai kai ko kusa da farashin ba, gaskiya ne. Amma hayaniyarsu ce ta mayar da zancen abin kunya, kuma ba na shakkar cewa kunyar nan ce ta tsayar da jitar a gida. Waɗanda ake wa dariya su ne suka yi aikin da ma'aikatar al'adu ta kamata ta yi tun tuni.

Wannan ba ya nufin masoyan ba su da nasu. Akwai labarin da suke yawo da shi, wai an tambayi marigayi Jimi Hendrix, makaɗin jita ɗan Amurka, yadda yake ji da zama gwanin jita na duniya, ya ce a je a tambayi Rory Gallagher. Labarin ba shi da tushe, ana ma ba da irinsa da sunayen wasu makaɗan. Yana ɓata mini rai duk lokacin da na gan shi, domin mutumin da ya yi abin da ya yi a Ulster Hall ba ya bukatar a aro masa yabo daga bakin wani mamaci. Haka kuma da aka buɗe mutum-mutuminsa a ƙofar Ulster Hall a watan Janairun 2025, wasu suka tashi da faɗa wai an ba shi Telecaster, wata ƙirar jita ta Fender, a hannu a maimakon Stratocaster. Alhali an sassaƙa shi ne daga hoton da Melody Maker ta buga a bangonta a Janairun 1972, na wasan nan na Belfast, kuma Telecaster na cikin jitocin da ya daɗe yana kaɗawa, musamman in zai yi kiɗan da ake goga ƙarfe ko kwalba a kan tsirkiya. Wanda zai ce fuskar ba ta yi kama ba, wannan ra'ayinsa ne. Amma so na gaskiya yana tafiya da sani, kuma wanda ya san jita ɗaya kawai daga cikin kayan Rory bai gama sauraronsa ba.

Duk da haka na fi yarda da mai kuskure saboda so a kan mai lissafin da bai ga komai ba sai farashi. A je Ballyshannon, ƙaramin garin da aka haife shi a 1948 a lardin Donegal, a lokacin bikin tunawa da shi da ake yi kowace shekara tun 2002, a ga yadda Jamusawa da Faransawa da mutanen Holan ke cika titi, da yawansu ma ba a haife su ba lokacin da ya rasu yana da shekara 47 bayan dashen hanta. A Ris-Orangis, kusa da Paris, akwai titi da sunansa. A Jamus har yau ana tuna daren shirin talabijin na Rockpalast na 1977 da aka watsa wasansa kai tsaye zuwa ƙasashen Turai. Babu kamfanin talla da ya tsara wannan. Uba ne ya kunna wa ɗansa faifai, ɗan ya kunna wa abokinsa.

Abin da ya rage shi ne yadda za a riƙe amanar. Tsorona kada a kulle jitar a cikin gilashi a Dublin, a manna mata takarda mai layi uku, a ce an gama. Dublin ba ta fi Cork haƙƙi a kanta ba, kuma Cork ɗin ma ba ta fi Belfast ba. A riƙa zagayawa da ita. A kai ta Ballyshannon lokacin biki, a kai ta Cork inda aka saye ta kuma aka binne mai ita, a shigar da ita Ulster Hall ko da sau ɗaya ne a shekara, ranar 1 ga Janairu in da hali. Masu kula da kayan tarihi za su ce tsufa ya kama ta, ba ta jure tafiya, to su nemo hanya, aikinsu ke nan. Gwamnati kuma ta ware asusu na dindindin don sayen irin waɗannan kaya tun kafin su kai bakin gwanjo, ta daina jiran kamfani mai neman suna ya zo ya rufa mata asiri. Ni har ina ganin babu laifi, sau ɗaya a shekara, a ciro ta a sa mata sababbin tsirkiyoyi, a miƙa wa wani matashin makaɗi ɗan Belfast, a jona ta da lasifika a bar shi ya kaɗa a zauren.