Ba coci a nan, amma ikilisiya tana nan

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi, ku da ke Riyad da Jidda da Dammam, har da ku da aka kai ƙauyukan da ko sunansu ba mu iya faɗa daidai ba. Maganar nan tawa da masu aikin gida ce musamman, ƙannena da ake ce wa shagala, amma direbobi da nas-nas da masu aikin kamfani ku ma kar ku wuce, da ku a ciki.

Kowa ya san yadda ƙasar nan ta Saudiyya take. Babu ginin coci ko ɗaya, doka ba ta yarda da sujadar wani addini a fili ba. Hutun mako kuma Juma'a da Asabar ne tun 2013, wato Lahadi ita ce ranar fara aiki. Lokacin da mawaƙa ke shiga da waƙa ƙarfe 9 a Jos ko Kafanchan ko Numan, a nan ƙarfe 11 ne, ke kina tsaye kan tulin wanke-wanke, shi yana cikin go-sulo zai kai madam kasuwa. Wata na farko abin yana cin rai, mutum ya tuna zumuntar mata da ankonsu da tulun kiɗa da kacau-kacau sai hawaye. Amma ni ba hawayen ke ba ni tsoro ba, ranar da hawayen suka daina zuwa ita nake tsoro, a wayi gari Lahadi ta zo ta wuce ba ka ma lura ba, Littafi Mai Tsarkin da ke cikin waya ya yi watanni ba a buɗe shi ba, sai TikTok har biyun dare.

Wasu kuma a zuci sun yanke cewa Allah ya manta da su. Ƙanwata, buɗe Farawa sura 16. Hajaratu baiwa ce, 'yar Masar, tana aiki a gidan da ba na iyayenta ba, uwargijiyarta Saratu ta matsa mata har ta gudu jeji da ciki a jikinta. A bakin wata maɓuɓɓugar ruwa kan hanyar Shur mala'ikan Ubangiji ya same ta, ya kira ta da sunanta, ya tambaye ta daga ina ta fito, ina za ta. Babu bagadi a wurin, babu firist, babu kowa nata. A nan ne ta ce shi Allah ne mai ganinta. To wanda ya ga Hajaratu, ɗan ɗakin nan naki na bayan kicin ne zai gagare shi? Yana ganin ƙafafunki da suka kumbura da tsayuwa, yana ganin riyal ɗin da kike turawa gida kuɗin makarantar yara ke ba ki sai wa kanki ko mai ba. Ba kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanki a ƙasar nan, ne ya sa hannu a kan ƙaunar da Allah yake miki ba, ba ta kuma ƙarewa ranar da igama, takardar izinin zama, ta ƙare. Romawa 8:38-39 ta lissafa mutuwa da rai, al'amuran yanzu da na gaba, tsawo da zurfi, ta ce ba abin da zai iya raba mu da ƙaunar Allah da ke cikin Almasihu Yesu.

Sai dai fa a ji ni da kyau a nan, don akwai masu ɗaukar wa'azin haƙuri su rufe wa mutane baki da shi. In ana dukanki, ko an hana ki albashi, ko wani a gidan yana neman taɓa mutuncinki, shirun nan ba shi ne bangaskiya ba. Ki yi magana. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, akwai kuma hukumar ƙwadago ta Saudiyya. Bulus da kansa da aka ɗaure shi za a yi masa bulala ya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, yana cikin Ayyukan Manzanni 22.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na zauna rubutu. Mun saba haɗa ikilisiya da gini, da benci da makirfo da faston da zai tsaya a gaba, shi ya sa da muka rasa ginin sai muka saki juna. Alhali masu bi na farko a gidaje suke taruwa. Bulus ya gai da Bilkisu da Akila da ikilisiyar da ke gidansu, Romawa 16:5. Ubangiji ya ce inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu, Matiyu 18:20, bai ce sai an kai ɗari ba. Ibraniyawa 10:25 kuma ta ce kar mu bar taruwarmu kamar yadda wasu suka saba, kuma mutanen da aka rubuta wa wannan sun sha wuyar da ta fi tamu, har kayansu aka ƙwace. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to a nan da ƙafa ba ta da izinin fita sai ya koma a waya. Kira na minti goma da dare bayan an kwanta, ke ki karanta Zabura ɗaya, ita ta yi addu'a, ku rera baiti guda a hankali. Wannan sujada ce cikakkiya, kar wani ya raina miki ita.

Ku kuma da Allah ya buɗa wa, masu hutun Juma'a da ɗaki na kanku da data a wadace, ina roƙonku don Allah ku duba ƙasa. Na san wasu na Dammam da Khobar sukan tsallaka gadar Sarki Fahad su je sujada Bahrain, madalla, na taya ku murna. Amma akwai yarinyar da kuka shigo jirgi ɗaya da ita, tun da ejan ya miƙa ta gidan aiki ba wanda ya sake jin muryarta. Wa zai neme ta in ba ku ba? Ba wa'azi mai tsawo take bukata ba, ta ji an ce "ƙanwata kin ci abinci? yaya jikin?" da harshen da mamanta ke yi mata magana. Sau da yawa ta bakin ɗan'uwa Allah yake nuna wa mutum cewa bai manta da shi ba, in mun yi shiru mun tare wa wani hanyar ta'aziyya ke nan.

A yi komai da hikima. Mu baƙi ne, mu girmama dokar ƙasa da addinin masu gida, ban da gardama, ban da ɗaukar hoton inda aka yi addu'a a watsa a Facebook, ban da tura lambar wata ga wanda ba a sani ba. Irmiya 29:7 ta ce wa waɗanda aka kai Babila su nemi zaman lafiyar garin, su yi masa addu'a. Mu ma mu yi wa ƙasar nan da gidajen da muke ciki addu'a, har da madam mai faɗa, ita ma tana da nata nauyin da ba ta faɗa.

Kar kuma a ce ai ni ba ni da abin yi wa Ubangiji a nan tunda ba na cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na koyar da makarantar Lahadi. A 2 Sarakuna 5 akwai wata 'yar yarinya da mayaƙan Suriya suka kamo daga Isra'ila, tana yi wa matar Na'aman hidima, ko sunanta ba a rubuta ba. Tana da dalilin ƙin mutanen gidan nan, amma da ta ga maigida yana fama da kuturta sai ta ce da ma ya je wurin annabin da ke Samariya. Kalmar 'yar aiki ce ta ta da babban hafsan soja har ya je ya nitse sau 7 a Urdun ya warke. Abin da ya sa aka saurare ta, a ganina, halinta ne suka daɗe suna gani. Canjin cefane ki mayar daidai, tsohuwar da aka bar miki ki juya ta ki wanke ta kamar kakarki, direba kar ka ƙara ko riyal ɗaya a kuɗin mai.

Juma'ar nan mai zuwa kowa ya karanta surar nan ta 2 Sarakuna 5 a inda yake, in ya gama ya kira mutum ɗaya da ya daɗe bai ji ɗuriyarsa ba. Wadda kuma ta san an karɓe wa wata waya a gidan aikinta ta yi min magana ta inbos, kar a rubuta sunanta a fili, mu ga ta inda za a bi a kai gare ta.