Ina kazar da muka yi wa karo-karo?

An ce ƙarfe 7 za mu tashi daga Ringim zuwa fadamar Baturiya kallon tsuntsaye. Sai da 10 ta gota direba ya iso, wai faci ya tsaya yi. Bas mai cin mutum 18 aka cusa mu 24, kular abinci a kan cinyata har Haɗeja.

Abincin nan ya fi komai ci mini rai. Da kaza aka yi alkawari, sai ga dafa-duka ta yi gumi har ta fara tsami, da tsokar nama kamar ɗan yatsa. Na ce, "Alhaji, ina kazar?" Wai ta yi tsada.

Tsuntsaye kuwa, da rana tsaka wa zai gan su? Balbela biyu muka hango, aka ce a hau mota kada dare ya yi mana.