Ƙwannafin dare yana cin haƙori

'Yan uwana matasa masu neman halak a Legas, daga Agege har Mile 12 da Alaba Rago, ina roƙonku mu daina raina ƙwannafi.

Na san yadda wuninmu yake. Gosulo ya riƙe mutum har sha ɗayan dare, ya tsaya wajen mai shayi ya ci indomi da ƙwai wanda ya ji yaji, ya kora da lemon kwalba, ya shiga ɗaki ya miƙe. Can tsakar dare ƙirji ya ɗau zafi, ruwa mai tsami ya taso har baki. Sai a jiƙa kanwa a sha, a ce olsa ce.

Wannan ruwan mai tsami da ke tasowa, asid ne na ciki. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai tsanani, ɓawon da ya lulluɓe haƙori yana fara narkewa a wajen 5.5, asid ɗin ciki kuwa yakan sauka har 2. Da rana yawu na wanke shi. Idan an yi barci yawu na raguwa, sai tsamin ya kwana a kan haƙora. Ta ciki yake fara ci, bayan haƙoran sama da kan turame, inda madubi ba ya nunawa. Sai dai ka ji haƙoranka sun mutu kamar ka tsotsi tsamiya, ko ruwan sanyi ya tsarge ka har cikin kai. Abin da ya fi damuna shi ne, ɓawon nan idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa.

Don Allah, in tsamin ya taso kada ka rarumi buroshi ko asuwaki nan take. A lokacin ɓawon ya yi laushi, gogewa kankare shi take yi. Kuskure bakinka da ruwa, ka jira aƙalla minti 30. Ka bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, ka ɗaga wajen kanka, ka kwanta ta hagu. Sigari kuwa a rabu da ita.

Wanda ƙwannafi ke taso masa sau biyu ko fiye a mako, ya daina dogaro da kemis, ya ga likita. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja duk suna da sashen haƙori, ka gaya wa likitan haƙorin kana da ƙwannafi tun kafin ya tambaya. In kuma haɗiya ta fara wuya, ko bayan gida ya koma baƙi, a tafi asibiti a ranar.