Takardar Auna Hawaye

ALHAJI: Likita, na kawo Hajiya ne domin ka faɗa mata gaskiyar da na kasa faɗa shekara 25, wato yawan surutu ne ya ƙafar mata da yawu.

HAJIYA: Kada ka biye masa, Likita. Wata 6 ke nan bakina a bushe yake, loma ba ta wucewa sai na kora da ruwa, idanuna kamar an watsa musu yashi, ga likitan haƙori ya cike mini haƙora 3, har yana zargina da shan zaƙi a ɓoye.

LIKITA: Kina shan maganin hawan jini, ko na mura, ko na damuwa? Da yawansu suna busar da baki, haka ma ciwon sukari.

HAJIYA: Ba na shan ko ɗaya. Damuwar dai ina da ita, ga ta nan zaune kusa da ni.

ALHAJI: Ka ji irinta! Bara na kwanta jinya kwana 9, kowa ya yi kuka, har masu bina bashi, amma baiwar Allahn nan ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba.

LIKITA: Wannan magana taka, Alhaji, ta fi amfani a wurina fiye da yadda kake zato. Akwai ciwon da sojojin jiki suke juyowa su afka wa mai su, suna lalata ƙulluttan da ke samar da yawu da hawaye. Ana kiransa da sunan Henrik Sjögren, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi bayaninsa a 1933. Cikin masu shi 10, kusan 9 mata ne, yawanci bayan shekara 40, kuma yakan zo tare da amosanin gaɓoɓi.

ALHAJI: To, ina ruwan yawu da haƙori?

LIKITA: Yawu ne mai gadin haƙori, domin shi ke wanke baki, ya kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta suke fitarwa. Idan ya ƙafe, haƙori yakan ruɓe daga gindi, kusa da dasashi. Yanzu zan saƙala siririyar takarda a fatar idonta ta ƙasa na minti 5. Idan jiƙewar ba ta wuce milimita 5 ba, sai mu yi gwajin jini, wataƙila mu yanki ɗan nama a cikin leɓe mu duba.

(Bayan minti 5, takarda ta fito kusan a bushe.)

HAJIYA: Alhamdulillahi, yau takarda ta wanke ni!

ALHAJI: Na janye maganar hawaye. Amma Likita, ba za ka rubuta mata yin shiru ba, ko da sau uku a rana?

LIKITA: Surutu ba ya kawo shi. Idan gwaji ya tabbatar, ba a warkewa, amma ana samun sauƙi: kurɓar ruwa a kai a kai, cingam marar sukari, man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), maganin ɗigawa a ido, da ganin likitan haƙori duk bayan wata 3 zuwa 6.

ALHAJI: Har yaushe? Kuma wa zai riƙa biya?

HAJIYA: Likita, miƙo wata takardar da sauri, ga idon Alhaji nan ya kawo ruwa.