Farantin sola haske yake ci, ba zafi ba

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar watan Afrilu ya kama, rana ta ƙwalle har zafi ya haura digiri 40, sai ka ji ana cewa yau sola za ta cika batir tun kafin azahar. Wannan kuskure ne, yana kuma ci mini rai, domin yana jawo wa mutane asara.

Ilimin fiziks ya nuna cewa haske ne ke faɗawa kan silikon, sinadarin da ake yin farantin da shi, ya tunkuɗa ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, su gudana a waya. Zafi kuwa rage ƙarfin yake yi. A digiri 25 ake auna farantin a masana'anta, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yakan zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Farantin da aka manna a jikin kwanon rufi yana iya kai digiri 65, ka ga kusan kashi 16 sun tafi ke nan.

Don haka a ɗaga shi, a bar tazara iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Lokacin hunturu sanyin yana taimaka masa, ƙura ce matsalar. A riƙa goge ta da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.