In Allah ya kai ka Filifin, ka nemi satti a Zamboanga

Jama'a, akwai abin da ke damuna game da 'yan uwanmu masu zuwa ƙasar Filifin, musamman ɗalibanmu da ke karatun likitanci da aikin jinya a can. Sai mutum ya yi shekaru a ƙasar, ka tambaye shi me yake ci, ya ce burodi da ƙwai da taliyar leda. Dalilinsa tsoron naman alade. Tsoron kuwa yana kan hanya, domin lechon da birnin Cebu ke taƙama da shi gasasshen alade ne sukutum, sisig na Pampanga daga kan alade ake yinsa, adobo ma sau da yawa da shi ake dafawa. Amma ƙasar tana da Musulmi miliyoyi, kuma Musulunci ya isa tsibiran Sulu tun wajajen 1380, kafin Turawan Sifaniya su kafa mulkinsu a 1565. Mutanen da suka daɗe haka da addini ai ba za su rasa girkinsu ba.

Shi ya sa nake cewa a je Zamboanga, birnin da ke ƙuryar yammacin tsibirin Mindanao. Nan ne ƙabilun Musulmi irin su Tausug na Sulu da Yakan na tsibirin Basilan da Sama masu zaman bakin teku suke cuɗanya da Kiristoci masu yaren Chavacano, kowa da tukunyarsa.

A fara da satti, kuma da sassafe, don karin kumallo ne. Ƙananan yankan naman sa ko na kaza ne a tsinke, a gasa a kan gawayi, kamar dai tsirenmu, sai dai maimakon yaji a tsoma shi cikin wata jar miya mai kauri, mai zaƙi da ɗan zafin barkono. Shinkafar da ke raka shi a cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa ake dafa ta har ta dunƙule, a yayyanka a zuba cikin miyar. Zaƙin zai ba ka mamaki a loma ta farko. Ka yi haƙuri ka kai ta uku.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda Tausug suke ƙona kwakwa da gangan. Su gasa tsokarta har ta yi baƙi ƙirin, su daka ta tare da citta da kurkum da tafarnuwa da albasa da barkono da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami. Da wannan haɗin ake yin tiyula itum, romon naman sa ko na akuya wanda yake fitowa baƙi wuluk. Wanda bai sani ba zai ɗauka girki ne ya kama, ya ture kwano. Kada ka yi haka! Ba ɗaci a cikinsa, ƙamshin hayaƙi ne ya ratsa naman, cittar kuma ta ɗumama maka ƙirji. Abincin girmamawa ne a wurinsu, na biki da ranar Sallah, don haka in aka ajiye maka shi a gida, an ɗauke ka babban baƙo. Da wannan ƙonanniyar kwakwar ake yin piyanggang, kazar da ake dafawa a madarar kwakwa sannan a ɗora ta a wuta ta gasu. A ganina, in dama ɗaya gare ka, to kashe ta a kan waɗannan biyun.

Sai curacha, wata babbar ƙaguwar teku wadda ja ce tun kafin a dafa ta, ana kawo ta cikin miyar madarar kwakwa da gidan abinci na Alavar ya yi suna a kanta. Na san da yawanmu ƙaguwa ba ta shiga bakinsu, amma wannan rashin sabo ne kawai, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ya fito daga teku halal ne. Kifi kuwa ba a magana, garin ne cibiyar kifin gwangwani na ƙasar baki ɗaya. Mai son kayan zaƙi ya nemi knickerbocker, yankakkun 'ya'yan itatuwa da madara da askirim a sama. Yana da daɗi, amma ba don shi zan hau jirgi ba.

Abu biyu zan roƙe ku. Kiristoci ne suka fi yawa a birnin, don haka ba kowane shago ne na halal ba. A duba alama, a tambayi mai abincin kai tsaye ko da alade ko mansa a ciki. Sannan garin ya ga rikici a watan Satumban 2013, lokacin da wani ɓangare na 'yan tawayen MNLF, ƙungiyar Musulmin kudancin ƙasar masu neman cin gashin kansu, suka gwabza da sojoji a wasu unguwanninsa, saboda haka a binciki halin tsaro kafin a sayi tikiti. Wanda tafiyar ba ta yiwu masa ba, ya leƙa unguwar Quiapo a Manila, kusa da Masallacin Zinariya da aka gina a 1976, zai tarar da gidajen abincin Musulmin Mindanao jere a bakin titi.